Karatun tarihin Gwamna Sam Houston da ake turawa a memori a Birnin Kebbi: abin da ke ciki da inda ya gaza

Cikin shagunan tura karatu da wa'azi da ke layin masu gyaran waya kusa da babbar kasuwar Birnin Kebbi, akwai ɗaya da ya shigo da hajar da ba a saba gani ba: darussan tarihin Amurka da Hausa, a murya. Wani malamin tarihi da ya yi ritaya ne ya ɗauki karatun, shagon kuma ke tura wa mutane a katin memori ko kai tsaye cikin waya. Kashin da ya fi tafiya shi ne na Sam Houston, wanda ya yi gwamnan Tenesi daga 1827 zuwa 1829, ya shugabanci Teksas sau biyu lokacin tana ƙasa mai cin gashin kanta, ya yi shekara 13 yana sanata, sannan ya zama gwamnan Teksas a 1859. Ɗaliban tarihi da na kimiyyar siyasa ne suka fi saye, sai malaman sakandare, sai dattawa masu son abin sauraro bayan isha'i. Karatun ya cancanci kuɗinsa. Sharaɗi biyu ne kawai: mutum ya zo da katinsa daga gida, kuma kada ɗalibi ya shiga jarrabawa da darasi na 11 yadda malamin ya karanta shi.

Folda ɗaya ake ba mutum, mai darasi 14 a tsarin MP3. Mafi gajarta minti 25, mafi tsawo ya kusa 40, duka-duka kimanin awa bakwai. An matse sautin a 64 kbps, wanda ya ishi muryar mutum ɗaya, shi ya sa karatun gaba ɗaya bai wuce megabait 200 da 'yan kai ba. Akwai kuma takardar PDF mai shafi 18, da jerin shekaru, da sunayen mutane yadda ake rubuta su da Turanci, da taswira biyu. Ke nan katin giga 2 ma ya ɗauka har ya yi saura. A riƙe wannan lissafin, domin yaron shagon na giga 32 zai fara miƙowa yana cewa, "Yallaɓai, ɗauki wannan, ya fi ƙarko," alhali kuɗin katin ya ninka na karatun.

Ba tsadar ce kaɗai abin dubawa ba. Kasuwar memori cike take da jabu: a rubuta 32 a jikin kati, waya ma ta nuna 32, amma ainihin cikinsa giga 2 ne ko 4. An saita katin ne ya riƙa faɗin girman da ba shi da shi. Muddin abin da aka zuba bai cika ainihin wurin ba, komai lafiya lau. Ranar da aka ƙara bidiyon biki aka wuce iyaka, sabo zai hau kan tsoho, sunayen darussa na nan a jere amma da an taɓa sai waya ta ce fayil ya lalace. Mai kwamfuta zai iya gwada kati da manhajar H2testw, wadda ke cika katin da bayanai ta sake karanta su, ta faɗi girmansa na gaskiya. Tana cin lokaci, kuma an fi so a yi gwajin katin babu komai ciki. Wanda ba shi da wannan hali ya zo da tsohon katin da ya yarda da shi, ko a tura masa cikin waya ta Xender, minti kaɗan an gama. Abin yabo ga shagon shi ne ba sa musu idan aka dawo, suna sake turawa ba tare da karɓar ko sisi ba.

Masu ƙaramin rediyo mai cin memori su ne suka fi dawowa da ƙorafi, kuma dalilan uku ne. Yawancin waɗannan rediyoyi katin da aka yi wa fomat a tsarin FAT32 kawai suke karantawa, katin giga 64 kuwa da wani tsarin, exFAT, yake zuwa, don haka rediyon zai yi shiru kamar ba a sa komai ba. Sai an yi wa katin fomat zuwa FAT32 a kwamfuta, ko a nemi ƙarami. Na biyu, an lambata darussan 1, 2, 3 har 14 ba tare da sifili a gaba ba. Wasu wayoyi sai su jera su 1, 10, 11, 12, 13, 14, 2, mai sauraro ya bar Houston yana yaro a gonar uwarsa, ya tsince shi shugaban ƙasa. Rediyo mai araha ma bai kula da suna ba, wanda aka fara kwafa shi yake fara kunnawa. Maganinsa a sauya sunayen su koma 01, 02, 03, a share katin, a kwafa su ɗaya bayan ɗaya. Na uku, a wasu kwafin darasi na 6 ba MP3 ba ne, saƙon murya ne na WhatsApp mai ƙarshen .opus, rediyo kuwa tsallake shi yake yi bai ce komai ba. A ƙirga kafin a bar shago.

Sautin darasi na 1 zuwa na 9 fes yake. Daga na 10 aka sauya ɗaki, akwai gurnanin janareto a ƙarƙashin murya, ƙarfin sautin kuma ya ragu, sai an ƙara. Da iyafis ba ya damun mutum, amma a aji mai ɗalibai da yawa na baya za su sha wuya. Hausar malamin ta Yamma ce tsantsa, "munka" da "sunka" da "shina", ba ya gaggawa, yana kuma maimaita kowace shekara sau biyu. Takardar PDF ce ke da aibi: ba a haɗa ta da irin rubutun da aka buga ta da shi ba, don haka a wasu wayoyi ɓ da ɗ da ƙ akwati-akwati suke fitowa.

Darussa ukun farko su ne suka nuna malamin ya san aji. An haifi Houston ranar 2 ga Maris 1793 a Bajiniya. Bayan rasuwar mahaifinsa, uwarsa ta kwashe 'ya'yanta zuwa gabashin Tenesi a 1807. Yana ɗan shekara 16 ya gudu daga gida, ya je ya zauna wajen ƙabilar Ceroki, ɗaya daga ƙabilun 'yan asalin Amurka, a wani tsibiri na kogin Hiwassee, shugabansu Oolooteka ya riƙe shi kamar ɗa, ya koyi harshensu, ya yi kusan shekara uku. Ya dawo ya koyar a makaranta don biyan bashi, ya shiga soja a 1813, aka ji masa ciwo sau uku a yaƙin Horseshoe Bend ranar 27 ga Maris 1814: kibiya a cinya, harsashi biyu a kafaɗa da hannu. A nan Janar Andrew Jackson ya lura da shi. Malamin ya yi daidai da ya tsaya a wannan gaɓa, domin duk hawan da Houston ya yi a Tenesi, daga lauya zuwa ɗan majalisar wakilai a 1823 zuwa gwamna, a inuwar Jackson ya yi shi. Dabarar da ta fi amfani a karatun ita ce ɗaure shekarun can da na gida. Ya ce shekarar da Houston ya hau kujerar gwamna, 1827, ita ce Clapperton ya mutu a Sakkwato, Muhammadu Bello na Sarkin Musulmi, Malam Abdullahi na Gwandu da ransa. Yaƙin San Jacinto ya zo shekara ɗaya kafin rasuwar Bello a 1837. Lokacin da Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa a 1849, Houston na zaune a majalisar dattawa a Washintan. Ɗalibin da ya ji haka ba zai sake jefa mutumin cikin wani ƙarni ba.

Gwamnatin Tenesi ba ta da tsawo, karatun ma bai ja ta ba. Ya bayyana abin da ake yawan tsallakewa: wa'adin gwamna shekara biyu ne, kuma William Carroll ya sauka ne don ya yi uku a jere, tsarin mulkin jihar bai ba shi damar na huɗu ba sai ya huta. Ke nan kujerar aro Houston ya hau, mai ita kuma ya dawo nemanta a 1829. Cikin wannan takara ya auri Eliza Allen ranar 22 ga Janairu 1829, tana da shekara 19, shi 35. Auren ya mutu cikin mako 11, ranar 16 ga Afrilu ya ajiye mulki, kakakin majalisar dattawan jihar William Hall ya ƙarasa wa'adin. Matsalar darasi na 5 ita ce malamin ya kawo dalilin rabuwar, wai tana son wani, ya faɗe shi kamar yana wurin. Wannan ɗaya ce daga cikin jita-jitar zamanin. Houston da Eliza duka ba su fito fili sun yi bayani ba har suka mutu, kuma wannan kame baki da ya yi, ga 'yan adawa na zaginsa, shi ne abin da ya fi dacewa a nuna wa ɗalibi.

Darasi na 6, wanda ke yawan ɓacewa a rediyo, bai kamata ya ɓace ba. Shi ne komawarsa wajen Ceroki a yankin da yanzu yake Oklahoma, da aurensa da Tiana Rogers, da shan giyar da ta kusa gamawa da shi, da dukan da ya yi wa ɗan majalisa William Stanbery da sanda a titin Washintan a Afrilun 1832 saboda ya zarge shi da cuwa-cuwar kwangilar abincin Indiyawa, wato 'yan asalin Amurka. Majalisa ta gurfanar da shi ta tsawata masa, kotu ta ci shi tarar dala 500, Jackson, wanda a lokacin shi ne shugaban Amurka, ya yafe masa. Shari'ar da aka yi don a kunyata shi ita ta dawo da sunansa bakin jama'a. A Disambar shekarar ya tsallaka Teksas, wadda a lokacin yankin Meziko ce.

Daga nan ma'aunin karatun ya karkace. Darasi uku cur, na 7 da na 8 da na 9, aka ba yaƙin 1836: shelar 'yancin Teksas daga Meziko ranar 2 ga Maris, faɗuwar sansanin Alamo ranar 6, kisan fursunoni a Goliad ranar 27, ja da bayan da Houston ya yi ta yi sojojinsa na kiransa matsoraci, sai San Jacinto ranar 21 ga Afrilu, inda mutum kimanin 900 suka tarwatsa rundunar Janar Santa Anna na Meziko cikin minti 18, harsashi ya farfasa wa Houston idon sawu, washegari aka kamo Santa Anna. Labari ne mai daɗin ji, malamin kuma ya iya ba da shi. Amma awa ɗaya da rabi ke nan a kan wata biyu, sannan shugabancin ƙasa na shekara biyar aka cusa shi cikin darasi ɗaya. A wannan darasi na 10 ne aka yi kuskuren cewa Houston ya kafa birnin Houston. Wasu 'yan'uwa biyu ne masu cinikin filaye, Augustus da John Allen, suka kafa shi a Agustan 1836, suka sa masa sunan gwarzon yaƙi don filayensu su yi kasuwa. Abin da ya fi wannan muhimmanci ma an wuce shi da jimla biyu: yarjejeniyar fili da Houston ya ƙulla da Ceroki na gabashin Teksas a Fabrairun 1836, wadda majalisar dattawan Teksas ta ƙi amincewa da ita, magajinsa Mirabeau Lamar kuma ya kore su da yaƙi a 1839, aka kashe shugabansu Bowl. Dalilin da ya sa Lamar ya shiga tsakanin mulkinsa biyu ma ba a faɗa ba: tsarin mulkin ƙasar ne ya hana shugaba zarcewa, shi ya sa ya yi 1836 zuwa 1838, ya dawo 1841 zuwa 1844.

Darasi na 11 shi ne ramin. Teksas ta shiga Amurka a Disambar 1845, Houston ya tafi majalisar dattawa a 1846. Malamin ya jero ƙuri'unsa daidai: ya goyi bayan dokar Oregon ta 1848 da ta hana bauta a wannan yanki, ya goyi bayan sulhun 1850, ya ƙi dokar Kansas da Nebraska ta 1854, shi da John Bell na Tenesi kaɗai cikin sanatocin Kudu. Daga nan sai ya yanke cewa Houston maƙiyin bauta ne, har ya ajiye shi sahu ɗaya da Abraham Lincoln, shugaban Amurka da ya yi shelar 'yanta bayi. Ba haka ba ne. Houston ya mallaki bayi har ƙarshen rayuwarsa, da aka ƙididdige gadonsa a 1863 mutum 12 aka rubuta cikin dukiya. Hujjarsa a 1854 ita ce dokar ta rushe layin da aka shata tun 1820 tsakanin inda za a yi bauta da inda ba za a yi ba, rushe shi kuma zai tayar da husumar da Kudu ce za ta yi asara a cikinta, ga kuma filayen da aka yi wa ƙabilun Indiyawa alkawari za a bankaɗe. Ganinsa shi ne zama cikin tarayya ya fi kare wa masu bayi dukiyarsu. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi sama da 182,000 a Teksas, kusan kashi 30 cikin 100 na jama'ar jihar, amma cikin awa bakwai ba a ambaci sunan ko ɗaya ba. Ga Joshua Houston, maƙerin gidan kuma mai tuƙa masa keken doki, wanda bayan yaƙin basasar Amurka ya riƙe muƙami a hukumar garin Huntsville da ta gundumar. Minti biyar a kansa da sun gyara darasin. Mai sauraro a ƙasar Kabi ba baƙon wannan zance ba ne, a ƙarnin nan guda ana cinikin bayi a kasuwannin ƙasar Hausa, ba ya bukatar a rufe masa komai. Ɗalibin da ya rubuta cewa Houston ya yi yaƙi da bauta, maki zai zubar.

A darasin dai akwai ƙaramin kuskure na biyu: wai talakawa ne suka ƙi sake zaɓensa sanata. A wancan zamani majalisar dokokin jiha ce ke zaɓen sanata, sai 1913 aka mayar da abin hannun jama'a. Majalisar Teksas ce ta zaɓi John Hemphill tun 1857, Houston ya ci gaba da zama har wa'adinsa ya cika a Maris 1859.

Na 12 ya dawo kan hanya. Takarar 1857, da ya yi ta yawo gari-gari cikin zafi a keken dokin wani mai tallan garma ya kuma sha kaye a hannun Hardin Runnels, ita ce kaɗai zaɓen jama'a da ya taɓa faɗuwa. A 1859 ya tsaya ba da tutar babbar jam'iyya ba, ya kayar da Runnels ɗin, aka rantsar da shi ranar 21 ga Disamba. Da haka ya zama mutum ɗaya tilo da jama'a suka zaɓa gwamna a jihohi biyu na Amurka. Malamin ya bayyana abin da ya tarar: rikicin Juan Cortina a bakin kogin Rio Grande, hare-haren ƙabilar Comanche a iyakar yamma, baitulmali ba kuɗi, sojan tarayya ba sa ƙarƙashinsa, sai dai ya tara 'yan sintirin jiha da ake kira Rangers. Ya kwatanta wannan da halin gwamnoninmu, waɗanda tsaro ke wuyansu amma soja da 'yan sanda na karɓar umarni daga Abuja, kwatancin kuma ya zauna. Inda ya zarce shi ne da ya kira Comanche 'yan bindigar daji. Su mutane ne da ake ƙwace wa ƙasar kakanninsu, Houston kansa ya sha faɗa a majalisa cewa karya alkawarin da fararen fata ke yi ne ke haddasa yawancin faɗan. An kuma tsallake gobarar Yulin 1860 a Dallas da Denton, wadda aka ɗora wa bayi da masu adawa da bauta, aka rataye mutane da dama ba shari'a. Tsoron da wannan ya shuka ne ya share wa masu son ɓallewa hanya, in ba a san shi ba darasi na gaba zai zo kamar daga sama.

Darasi na 13 kaɗai ya isa dalilin saye. Minti 38 ne, malamin ya bi abin rana-rana. An zaɓi Lincoln shugaban ƙasa a Nuwambar 1860, Karolina ta Kudu ta ɓalle daga tarayyar Amurka ranar 20 ga Disamba. Aka matsa wa Houston ya kira babban taron wakilai a kan ɓallewar Teksas, ya ƙi. Masu son ɓallewa suka kira da kansu. Ya kira majalisar dokoki zaman gaggawa ranar 21 ga Janairu 1861 da fatan za ta haramta taron, sai ta halatta shi. Taron ya zauna a Austin ranar 28, ranar 1 ga Fabrairu ya amince da ɓallewa da ƙuri'a 166 da 8. Aka kai wa jama'a ranar 23 ga Fabrairu, kusan kashi uku cikin huɗu suka amince. Houston ya karɓi hukuncin jama'a, amma ya kafe a kan wata gaɓa ta doka: jama'a sun yarda a fita daga tarayya, ba su yarda a shiga sabuwar ƙungiyar jihohin Kudu ba, don haka Teksas ta koma ƙasa mai zaman kanta, taron kuma ba shi da hurumin kai ta ko'ina. Taron ya amsa da dokar cewa kowane mai muƙami ya yi rantsuwar biyayya ga sabuwar ƙungiyar. Ranar 16 ga Maris da tsakar rana aka kira sunansa sau uku a zauren. Malamin ya kira sunan sau uku shi ma, yana barin shiru tsakani, har mutum ya duba ko wayar ce ta tsaya, sannan ya ce gwamnan na ƙasan ginin a zaune yana feƙe itace da 'yar wuƙarsa, kamar yadda wani da ya gani ya ruwaito. Aka ayyana kujerar ba kowa, mataimakinsa Edward Clark ya hau.

Gyara ɗaya ake bukata a nan. Malamin ya riƙa cewa majalisa ta tsige shi. Ba a tuhume shi da laifi ba, ba a yi zaman shari'a ba. Taron wakilai ne ya cire shi don ya ƙi rantsuwa, majalisar dokoki ta bi bayan taron. Ga ɗalibin kimiyyar siyasa bambancin ba ƙarami ba ne, domin tambayar da Houston ya tayar ita ce wa ya ba taron ikon cire zaɓaɓɓen gwamna. Bayanin tayin sojoji da ya zo masa daga ɓangaren Lincoln, da ƙin karɓa da ya yi don kada 'yan Teksas su zubar da jinin juna saboda kujerarsa, an yi shi yadda ya kamata.

Na ƙarshe gajere ne, ya kuma yi saurin rufewa. Ya kawo gargaɗin da ya yi a Galveston a Afrilun 1861 cewa Arewa ba ta da saurin fushi amma in ta taso ba ta tsayawa, da raunin da ɗansa Sam ƙarami ya samu a yaƙin Shiloh a 1862 yana sojan Kudu, da rasuwarsa a Huntsville ranar 26 ga Yuli 1863 yana da shekara 70, ciwon huhu ya kayar da shi. Abin da aka bari shi ne bayan an fara harbe-harbe Houston ya fito ya ce yana tare da Kudu. Matarsa ta ƙarshe, Margaret Lea, wadda ya aura a 1840, ta haifa masa 'ya'ya takwas, ta raba shi da giya har aka yi masa baftisma a 1854, ita ma jimla uku ta samu.

Jerin shekarun da ke cikin PDF ya fi muryar inganci: ba a sami shekara ko ɗaya da ta kauce ba, kuma nan ne kawai mutum zai ga yadda ake rubuta Oolooteka ko Nacogdoches in yana son bincike a intanet. Taswirar farko, ta Tenesi da ƙasar Ceroki, tana da kyau. Ta biyu iyakokin Teksas na yau ta nuna, alhali ƙasar da Houston ya shugabanta tana da'awar fili har cikin New Mexico da Colorado na yanzu, sai a sulhun 1850 ta saki wannan da'awa aka ba ta dala miliyan 10. Wanda zai buga takardar ya buɗe ta a kwamfutar shagon tukuna ya ga baƙaƙen sun fito, shafi 18 gaba da baya takarda tara ce.

Malamin sakandare da ke da darasin minti 40 zai iya kunna na 13 gaba ɗaya, ko na 4 da rabin na 5. Na 7 zuwa na 9 a bar wa ɗalibai su ji a gida. Na 11 kada a kunna shi sai malami na tsaye a gaban allo da adadin bayin 1860 da na gadon Houston a rubuce. Ɗalibin jami'a mai rubuta aikin bincike ya ɗauki karatun a matsayin shimfiɗa, ya tabbatar da kowace rana da kowane adadi a shafin Handbook of Texas na ƙungiyar tarihin jihar Teksas, wanda kyauta ne kuma yana buɗewa ko da ƙaramin data. Kafin a biya kuɗi kuma a sa yaron shagon ya kunna na 6 da na 14 a cikin na'urar da za a yi sauraron da ita, ba a kwamfutarsa ba.